Baffa da Ɗinkin Suruki

Talabijin ɗinmu shi ne na farko a layinmu a Kazaure, kuma wallahi sai da kowa ya san da haka. A shekarun nan ne da arzikin mai ya shigo, ma'aikata suka fara sayen babur da rediyo mai kaset. Maigidana akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma. Wata Asabar ya tafi Kano da sassafe, da la'asar sai ga shi da ƙaton kwali rungume a ƙirji, wai tun daga tasha a cinya ya riƙo shi, ya ƙi yarda a ɗora masa a saman kaya. Wuta ba ta iso unguwarmu ba tukuna, da batirin mota ake kunna shi. Ga duwatsun garin suna tare hoto, sai da aka ɗaura eriya a kan doguwar gora a bayan zaure. In za a yi kallo mutum ɗaya ya fita yana murɗa gorar, na ciki suna ihu: "Ya zo! Kai, ya tafi! Koma kaɗan! Tsaya nan, tsaya nan!"

Ranar Laraba bayan magariba ake yin wani shiri na barkwanci, gajerun wasanni a jere, kowanne da labarinsa. Ranar nan zaurenmu ya fi masallacin unguwa cika, Allah ya yafe mini. Maza su baje a kan tabarmi, mu mata mu tsaya a ƙofar ciki bayan labule muna leƙe, wannan ta dafa kafaɗar wannan. Ni ma ina son shirin, kada a ce na ƙi. Akwai wasan kurma da likita, akwai na matan da ke faɗa a bakin famfo, waɗannan har hawaye nake yi. Guda ɗaya ne ya tsaya mini a wuya.

Wani ne a cikinsu yake fitowa a matsayin Bafulatanin daji, da malafa da sanda da goran ruwa, ya shigo birni yana zare ido. Duk abin dariyar a bakinsa yake, don ba ya bambance mace da namiji a Hausa. Ya ce "matata ya haihu", ya ce "yayana ta yi gemu", zaure ya kece da dariya. Maigidana kuwa ba a magana. Ya kwanta, ya tashi, ya daki cinyar na kusa da shi, ya ce a taimake shi cikinsa zai ƙulle. Ni kuma ina bayan labule na cika na yi fam, don ni 'yar ruga ce daga wajen Roni, kuma duk wanda ya raine ni haka yake Hausarsa.

"Malam, wai mene ne abin dariya a nan?" na tambaye shi wani dare bayan an watse. "Mutum ya bar yarensa ya yi naku don ku gane, shi ne laifinsa?"

"Haba, 'yar Baffa, wasa ne fa. Ai da kanmu muke dariya. Ni ma Bafulatani ne, kakan kakana da shanu ya zo garin nan."

"To faɗa mini 'zo ka ci tuwo' da Fulatanci."

Ya sosa ƙeya, can ya ce, "Jam."

"Jam ɗin me? Ai 'lafiya' ke nan. Kalma ɗaya ka gada, ita ma ba ka san inda ake ajiye ta ba!"

Sai ya sake fashewa da dariya, wai ni ma da an sa ni a shirin da na yi suna. Uwarsa, wadda muke kira Iya, ita ta fi shi ma. Ita asalinta Babarbariya ce, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, don haka a ganinta Allah ne ya halatta mata. Da safe in na kai mata koko sai ta kalle ni ta ce, "Baiwata ya tashi lafiya? Ya kawo wa uwargijiyarsa koko?" Ita ba na jin haushinta, ina ramawa, in ce mata ai Barebari tun da can mu ke ba su nono su rayu. Wannan wasa ne na ido da ido, tana faɗa ina faɗa. Na cikin akwatin talabijin kuwa shi kaɗai ke magana, ba mai rama mana. Haka na gaya wa Malam, ya ce falsafata ta yi yawa. Muka shekara a kan haka, kowace Laraba sai mun taɓa, ba wanda ya ja da baya.

Abin da ban gaya masa duka ba shi ne tsoron da nake ji saboda mahaifina. Baffa mutum ne da ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In ka ɓata masa, ƙafa kawai yake ɗaukewa, kuma in ya ɗauke ta ɗauku. Tun ina ƙarama wasu samari a wata kasuwa suka kwaikwayi maganarsa yana juya baya. Bai ce musu kanzil ba, amma har na yi aure bai sake taka kasuwar ba, gara ya yi doguwar tafiya zuwa Gwiwa. Da Malam ya zo neman aurena, bayan ya gan ni lokacin da ya raka masu allurar shanu rugarmu, Baffa bai hana ba. Abin da ya ce wa innata kawai shi ne yana gudun ya kai 'yarsa inda za a riƙa yi wa iyayenta dariya. Ni ce 'yar fari, a al'adarmu ba ya kiran sunana, ba ya yi mini magana kai tsaye, balle ya gaya mini yana kewata. Tun da aka kawo ni bai taɓa zuwa gidana ba, ni kuwa kullum ina sa ido.

Sai ga shi ya zo, kuma a duk ranakun Allah sai ya zaɓi Laraba!

Damina ce, ta yi tsakiya. Ya shigo gari neman maganin shanu, ya ce bari ya tsaya daga ƙofa a gaisa ya wuce. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallamarsa. Wayyo, ban san lokacin da na watsar da rariyar ba! Na fito da gudu ba ɗankwali, na koma na ɗauko, na zo na durƙusa a bakin zaure. Shi kuwa ya kalli bango ya tambayi bangon ko mutanen gidan suna lafiya, da Fulatanci. Na amsa wa bangon cewa lafiya lau. Ga ƙwaryar man shanu ya kawo, an rufe da faifai, da ƙwan zabi a cikin tsumma. Daɗi kamar ya kashe ni.

Iya ta fito tana tafa hannu. "Lale, lale! Yau bawana ya tuna da iyayen gidansa!"

Baffa ya ɗan sunkuyar da kai ya ce da Hausa, "Iya, ka wuni lafiya? Ai na zo in ga ko Barebari ya iya riƙon amana."

Suna cikin haka hadari ya haɗo daga gabas, kafin a ce me ruwa ya tsuge. Aka yi ta yi har bayan la'asar. Malam ya dawo daga ofis a jiƙe sharkaf, ya tura babur ya shigo, ya ga wanda ke zaune a zaure, ya cire takalmi tun daga waje ya zube a ƙasa yana gaisuwa. Shi ya kawo labarin cewa rafin da ke hanyar Roni ya cika ya tumbatsa, motar ƙarshe ma ta juyo. Baffa ya so ya tafi ya kwana a masallaci, don kwana a gidan suruki abin kunya ne a wurinsa. Iya ta rantse ta maya cewa in ya fita ita ma za ta bi shi da tabarmarta. Dole ya zauna.

Ina cikin murna ina fige zabuwa, sai na ji yaran maƙwabta a waje suna rera waƙar da ake buɗe shirin da ita. Na ajiye zabuwar na ja Malam ɗaki.

"Yau ba za a kunna akwatin nan ba."

"Subhanallahi, na manta Laraba ce!" Ya dafe kai. Allah ya sani, shi ma ya tsorata.

"Ka ce batir ya mutu. Ka ce ruwa ya shiga eriya. Ka ce duk abin da za ka ce. In Baffa ya ga mutumin nan, ya ji kuna ƙyaƙyatawa, wallahi ya bar gidan nan ke nan har abada, kuma ni ba zan yafe maka ba."

"Na ji, na ji. Batir ya mutu."

Ina! Mun makara. Ana sallame magariba mutanen layi suka biyo Malam daga masallaci kamar kullum, kowa da buzunsa ko tabarmarsa. Kafin ya buɗe baki ya yi ƙaryarsa, Iya ta leƙo ta labule ta ce da ƙarfi, "A kunna wa baƙona akwati ya ga duniya, jiya aka kawo batir daga caji!" Na ji kamar in shaƙe tsohuwar nan. Baffa kuma ya gyara zama ya ce ya daɗe yana jin labarin akwatin da mutane ke magana a ciki, bari yau ya gani da idonsa. Malam ya waiwayo ya kalli labule, ya san ina nan, ya buɗe tafin hannu alamar ya zan yi.

Aka shimfiɗa wa Baffa buzu shi kaɗai a gaba. Malam ya koma can bakin ƙofar waje ya rakuɓe a ƙasa, don suruki ba ya haɗa shimfiɗa da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya buɗe haƙora. Ranar kuma, don ƙaddara, hoto ya fito tar, ko murɗa gora ba a yi ba. Ni ina bayan labule ina addu'ar Allah ya sa mai malafar nan ya yi zazzaɓi wannan makon.

Wasan farko na wani mai gyaran agogo ne. Aka yi dariya daidai gwargwado, ana satar kallon baƙo. Baffa ya zuba ido, ya miƙe wuya, har ya ɗan leƙa bayan akwatin. Na biyu ya wuce lafiya. Na fara sakin numfashi. Sai kawai ga malafa ta leƙo daga gefen hoto, ga sanda, ga goran ruwa. Zaure ya yi tsit, har ɗigar ruwa daga indararo ana ji.

Bafulatanin wasan ya shiga shagon tela. Ya ce yana son a ɗinka kayan salla na alfarma, kyauta zai kai wa surukinsa, mijin 'yarsa. Tela ya ce wane iri? Ya ce, "Doguwa ce, kyakkyawa ce, tana aiki a ofis, tana da kunya ƙwarai." Tela ya ce an gama. Aka nuno tela yana ta taka keke, ya ɗinka riga da zane da ɗankwali na atamfa mai manyan furanni, ya naɗe a takarda. Mutumin ya karɓa bai buɗe ba, ya nufi gidan surukin. Surukin kuwa, jama'a, akawu ne! Siriri, da tabarau, da biro a aljihu, sak maigidana. Ya durƙusa ya karɓi kyauta da hannu biyu, ya buɗe, ya ga zane. Uban matar ya ce, "Ki saka in gani." Shi kuma kunyar suruki ta hana shi cewa a'a. Ya shiga ɗaki ya fito da zane ɗaure a ƙirji, ɗankwali a ka, tabarau a hanci, ya sake durƙusawa yana godiya.

Ban taɓa ganin azaba irin wadda mazan layinmu suka sha a zauren nan ba. Ga uban mata a gaba, ga akawu a baya, ga su biyun a cikin akwati. Wani mai shayi da ke kusa da ƙofa ya fara tari, ya tashi ya fita. Wani ya ce ya manta bai ɗaure akuya ba. Wani bai ma nemi dalili ba, rarrafe ya yi ya fice da hula a baki. Suna zagayawa bayan katanga sai ka ji abin ya fashe, har da masu buga ƙafa a cikin taɓo. Matan da ke bayana suka toshe baki da gefen mayafi suna dukan bayana. Iya kaɗai ta saki tata a fili, tana cewa, "Wayyo cikina! Bawana, ka ga danginka!"

Malam ya yi ta maza na ɗan lokaci. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya kawo ruwa, yana kallon ƙasa kamar mai neman allura. Da akawun wasan ya taka gefen zane ya yi tuntuɓe, sai ya miƙe zumbur ya ce da wata siririyar murya, "Bari in gyara eriya." Hoton da ba abin da ya same shi! Ya fita. Jim kaɗan hoto ya fara rawa, ya yi sama ya yi ƙasa, ya tafi ya dawo. Ashe gorar ya rungume yana dariya, ita kuma tana kaɗawa tare da shi. Duk wanda ya rage a zauren ya gane, sai da suka ƙara guduwa.

Ni ko murmushi ban yi ba. Fuskar Baffa nake kallo daga gefe, hasken akwatin yana haska ta. Ko gezau. Bai motsa ba, bai ƙifta ba, hannunsa ɗaya a kan sanda. Da aka gama ya zauna jim, sannan ya ɗauki buta ya fita sallar isha. Da ya dawo na aika masa tuwo da miyar zabuwa, kwanon ya dawo an ɗan taɓa gefe ɗaya. Shi ke nan, na ce a raina, an gama da ni. Na zauna a bakin murhu na yi kuka mai isata. Malam ya zo yana ba ni haƙuri, ya rantse zai sayar da akwatin gobe, amma ko a cikin rantsuwar sai da muryarsa ta karye ya juya baya. Na ce ya tafi ya ba ni wuri kafin in jefe shi da muciya.

Da asuba na dama fura na kai zaure. Baffa ya riga ya naɗe buzun da aka shimfiɗa masa ya jingine a bango, ya ɗaure maganin shanunsa a gefen riga. Ya sha furar kaɗan. Ya gaya wa bango, da Fulatanci, cewa ruwa ya janye, zai kama hanya. Na kasa tambayarsa ko zai dawo, don ba a tambayar Baffa irin wannan. Na bi shi har ƙofar gida ina jan ƙafa.

Malam yana waje yana jira, ya sha wanka zai tafi ofis, da tabarau da biro a aljihu. Ya ce zai kai Baffa tasha a babur, Baffa ya ɗaga hannu alamar a'a. Sai Malam ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa, kai a ƙasa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baffa. A yi mana haƙuri da abin da aka gani jiya."

Baffa ya tsaya a kansa. Ya dube shi tun daga hula har ƙafa, a hankali, fuskar nan a ɗaure tamau. Iya ta leƙo daga zaure. Can Baffa ya gicciya sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa a kanta, ya ce da Hausa:

"To, surukina. Ki zauna lafiya. In na dawo zan taho miki da ɗinki."

Na ɗauka kunnena ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin "ki" ko "miki" a bakin Baffa ba. Shi kuskurensa gefe ɗaya ne, kowa namiji ne a Hausarsa, innata namiji, saniya namiji, ni ma da ya haifa namiji. Wannan "ki" ɗin kwana ya yi yana gyara ta, ya ajiye ta sai da ya samu akawu a durƙushe.

Malam ya buɗe baki zai ce amin, abin ya ƙwace masa. Ya kife a wurin, goshi a taɓo, hula ta yi gefe. Iya ta saki guɗa tun da sassafe har maƙwabta suka leƙo. Ni da na shekara ina rantsuwa babu abin dariya a wasan nan, sai ga ni zaune daɓas a dokin ƙofa, ina dariya ina kuka, na kasa tashi.

Baffa bai waiwayo ba. Ya miƙe layi yana tsallake kwatami da tafiyarsa ta makiyayi, amma sandar da ke kafaɗarsa rawa take ta yi har ya sha kwanar masallaci.